Kada Ka Tsayar da Hannu Bayan Bugu

Matasan Makera masu koyon wasan tanis, ga shawara. Da yawanku da zarar raket ya taɓa ƙwallo sai ku tsayar da hannu cak. Wanda ya yi niyyar tsayawa kuwa, tun kafin bugun yake rage gudu, shi ya sa ƙwallon ke faɗawa raga, gwiwar hannu kuma ta sha wahala.

Idan da dama kake bugu, taso da raket daga ƙasan ƙwallo, ka bi ta gaba, ka ƙare a kan kafaɗar hagu, gwiwar hannunka tana kallon raga. Bar ƙugu ya juya, nauyinka ya koma ƙafar gaba, diddigen baya ya ɗaga. Kada ka damƙe mariƙin da ƙarfi.

Rafael Nadal, wanda ya lashe gasar Faransa sau 14, lokacin da yake wasa yakan ƙare bugunsa a saman kai. Kada ka kwaikwaye shi sai na kafaɗa ya zauna maka.

Samu bango, ka yi bugu 50 kullum da sassafe, kana cafe raket da hannun hagu a ƙarshe. Duk mai burin buga gasar Dala a Kano, daga nan zai fara.