Darasi: Yadda Ƙasashen Hausa Suka Zama Ɗaya

Wanda ya tashi daga Sakkwato za shi Shagari, ta Bodinga zai bi. Kusa da nan akwai wani gari, sunansa Sifawa. Bari mu dakata a wurin, gama nan ne aka shirya mulkin ƙasa mai faɗi ƙwarai.

A dā ƙasar Hausa ba ɗaya ba ce. Gobir, da Katsina, da Kano, da Zazzau, da Kabi, kowace da sarkinta da ganuwarta, ga kuma yaƙi ba ya ƙarewa tsakaninsu. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jama'arsa suka yi masa mubaya'a, aka soma jihadi. A 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi.

Mu lura da kyau, ba runduna ɗaya ce ta ci dukan ƙasar ba. Shehu yakan ba malami tuta, shi kuwa ya koma ƙasarsu ya yi yaƙi: Umarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauci. Tun da yake daga hannu ɗaya suka karɓi tuta, sai suka zama masu biyayya ga Sarkin Musulmi. Yana tabbatar da naɗin sarakunansu, suna aika masa da gaisuwa kowace shekara. Cikin gaisuwan nan har da bayi, waɗansunsu kuwa daga duwatsun da kakannin masu karatunmu suka zauna aka kamo su. Kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu wannan.

Sa'an da ƙasa ta yi wa mutum ɗaya yawa, a Sifawa ne, wajen 1812, Shehu ya raba aikin biyu. Ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma. Abdullahi ya zauna a Bodinga, daga baya ya koma Gwandu.

Amma ba kowa ya yarda ba. Sarautar Katsina ta dā ta kafu a Maraɗi, ta Gobir a Tsibiri, ta Kabi a Argungu, suka yi ta faɗa da Sakkwato shekara da shekaru. Da Turawa suka ja iyaka, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, shi ya sa yau suna cikin Nijar.

Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, suka haɗa Arewa da Kudu a 1914. A 1979 kuwa wani ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya zama shugaban Nijeriya duka.