Shawara ga mai shiga karkarar Filato da keke

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka iska a can da sanyi-sanyi, amma hanyoyin hawa da gangare ne. Sabon shiga ya fara da hanyar Jos zuwa Bukuru zuwa Vom. Idan ƙafa ta saba, sai ya miƙa Riyom ya ga duwatsun nan da suka hau kan juna.

Ka fita da sassafe, kafin manyan motoci su cika titi. Ka sauya giya zuwa mai sauƙi tun kafin ka kama hawa, domin sauyawa a tsakiyar tudu kan sa sarƙa ta zame. A gangare kuwa, ka riƙa taɓa birkin gaba da na baya kaɗan-kaɗan. Damƙe na gaba shi kaɗai na iya kifar da kai. Hawan Kibo, inda tireloli ke yawan haɗari, ka bar wa ƙwararru.

Kada ka manta hular kwano, ruwa, famfo da kayan faci. Da damina, guji tsakuwar da ruwa ke tarawa a kwana. Ku tafi cikin ayari, ku tambayi mutanen gari lafiyar hanya, ku dawo gida kafin magariba.