Layin da Ɗalibai Ba Sa Karantawa a Rasit ɗin Rajista

Duk wanda ya yi zaman hostal a jami'a ko kwaleji ya san irin wannan daren. Wajen ƙarfe biyu wani ɗan ɗaki ya fara murƙususu, ya dafe gefen cikinsa na dama, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin hunturu. Tun shekaranjiya yake cewa olsa ce. Ya sha maganin kemis, ya sha jar kanwa, wani aboki ya ba shi ƙwayar kashe zafi guda biyu. Kafin asuba an tattaro shi a adaidaita-sahu. Likita ya danna cikin a hankali ya saki, yaron ya ƙwalla ƙara, aka ce afendis ce, kuma aiki za a yi yau ɗin nan. Gari na wayewa saƙo ya shiga zauren WhatsApp na 'yan aji: ɗan'uwanmu yana kwance, a taimaka da abin da ya sawwaƙa, ga lambar asusu. Wannan ya tura ɗari biyar, wancan dubu, wata ta ce a jira a turo mata kuɗin wata. Uban yaron kuwa yana can ƙauye yana neman mai sayen masarar da ya ɓoye don bazara.

Abin takaicin, sau da yawa a cikin jakar wannan yaro akwai takardar da za ta rage masa wahalar nan. Rasit ɗin rajista ne. Tsakanin kuɗin laburare da kuɗin wasanni akwai wani ɗan layi da aka rubuta TISHIP, ko kuɗin inshorar lafiya. Ya biya tun farkon zango, bai tambayi ko na mene ne ba, bai kuma taɓa taka asibitin makaranta an buɗe masa fayil ba.

TISHIP shiri ne na inshorar lafiya da gwamnatin tarayya ta ware wa ɗaliban manyan makarantu: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha, kwalejojin ilimi, makarantun koyon aikin jinya da makamantansu. Yana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NHIS tun da ta fara aiki a 2005, har zuwa watan Mayun 2022 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, ta koma NHIA. Wannan doka ce ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane mazaunin Najeriya, a takarda dai. Tsarin bai da wuyar fahimta. Kowane ɗalibi yana zuba ɗan abu sau ɗaya a shekara, an daɗe ana karɓar naira 2,000 kafin wasu makarantu su ƙara. Kuɗin ya taru wuri guda. Asibitin makaranta ne matakin farko: ganin likita, gwajin jini, magani, kwanciya ta 'yan kwanaki. Abin da ya fi ƙarfinsa sai a tura babban asibiti, kamfanin da ke kula da asusun, wanda ake kira HMO, ya biya. Ɗalibai dubu goma ba za su kwanta rana ɗaya ba, don haka kuɗin masu lafiya ke ɗaukar marar lafiya. Adashi ne, sai dai kwasar ba bisa layi ba ce, wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa.

Me ya sa matashi mai jini a jika zai damu da wannan? Saboda a Najeriya, cikin kowace naira ɗari da ake kashewa a kan lafiya, fiye da saba'in daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa kai tsaye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum uku kacal cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke da wata inshorar lafiya. An samu ƙari tun daga lokacin, ana maganar mutum miliyan 20 a 2025, amma a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 wannan cikin cokali ne. Ɗalibi kuma, cikin duk masu biya daga aljihu, shi ne mai aljihu mafi ƙanƙanta. Ga cunkoson ɗaki, ga ruwan da ba a san asalinsa ba, ga abincin bakin ƙofa, ga hawan babur ba hular kwano, ga sauro. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma sauron bai san ranar jarrabawa ba.

Akwai wani tarko da ke kama 'ya'yan ma'aikatan gwamnati musamman. Yarinya ta taso tana ganin duk lokacin da ta yi zazzaɓi Abba ya ɗauko kati a je asibiti, a biya kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani a dawo gida. Ta shiga jami'a tana da shekara 16 ko 17, hankalinta kwance. Ran nan a aji biyu ta je da katin, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ɗago kai: "'Yan mata, ai sunanki ya fita. Shekarunki nawa?" Inshorar ma'aikaci tana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ranar da yaro ya cika 18 ya sauka daga motar, sai fa in uban ya je ya biya masa daban a matsayin ƙarin mutum. A gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya goma sha, wasu ma ba su taɓa hawa motar ba. A Amurka dokar lafiya ta 2010 ta bar matashi a kan inshorar iyayensa har shekara 26, daidai lokacin da zai gama karatu ya kama aiki. A nan babu wannan sassauci, kuma iyaye da yawa ba sa sanin an cire ɗansu sai ranar da ake bukatar katin.

Sai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a masallacin makaranta: inshora ba haramun ba ce? Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a yi wa mai ita dariya ba. Malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci saboda abin da ke cikinta na rashin tabbas da kama da caca da cuɗanya da kuɗin ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke hukuncin haramta ta a 1985, amma a hukuncin nan ɗaya ta halatta inshorar da aka gina a kan taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar tallafa wa wanda musiba ta afka wa a cikinsu. A kan wannan aka gina takaful, wanda hukumar inshora ta Najeriya ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Jihohin Arewa da suka kafa nasu hukumomin, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, da sunan taimakekeniya aka san su. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta natsu ba ya ɗauki bayanin yadda shirin ke aiki ya kai wa malamin da ya amince da shi. Abin lura dai, karo-karon da ake yi a WhatsApp bayan mutum ya faɗi, shi ne wannan ɗin, bambancin kawai an tara shi kafin faɗuwar, ba a kuma yawo da hoton majiyyaci a gadon asibiti.

To, ina mafita? Ta fara ne daga rasit. Ɗalibi ya ɗauko shi, ko ya shiga shafin rajista na makaranta, ya bi layi-layi. In ya ga an cire kuɗin, ya nufi asibitin makaranta a makon da yake lafiya lau, da katin shaidar ɗalibi da kwafin rasit da hotuna, da lambar NIN tunda yanzu kusan ko'ina ana nemanta. Biyan kuɗi daban, shiga rajistar asibiti daban. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke zamewa: kuɗinsu ya shiga asusu, sunansu bai shiga jerin da ake aika wa HMO ba, ranar da za a tura su asibitin koyarwa sai a nemi suna a rasa. Layin buɗe fayil yana da tsawo a makon farko na zango, gaskiya ne, amma bai kai tsawon daren da aka kwana ana jiran kuɗin aiki ba.

Yana wurin kada ya tashi sai ya yi tambayoyi, ya kuma rubuta amsar a waya. Wane HMO ne ke riƙe da makarantar, mece ce lambarsu ta gaggawa? Wane asibiti ake turawa: na Malam Aminu Kano, na Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin gari? In ciwo ya kama shi lokacin hutu a garinsu, ko lokacin yajin aiki, ko yana wurin koyon sana'a a wata jiha, ina zai nufa? Wannan ta ƙarshen ta fi kowace muhimmanci a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. Lambar HMO kuma kada ta tsaya a wayarsa shi kaɗai. Wanda ya suma ba ya buɗe waya. Ya ba abokin ɗakinsa, ya ba mahaifiyarsa.

Ranar buɗe fayil ita ce ranar wanka, ba a ɓoyon cibi. Mai sikila ya faɗa, mai asma ya faɗa, mai farfaɗiya ko ciwon sukari ya faɗa, wadda wani magani ke sa mata ƙaiƙayi da kumburi ta faɗa. Ɗalibai kan ɓoye irin wannan don kunya, 'yan mata kuma don gudun kada magana ta zaga har ta taɓa aure. Fayil ɗin asibiti sirri ne tsakanin majiyyaci da likita, kuma likitan da ya san mutum yana da sikila ba zai tsaya gwaje-gwaje ba ranar da aka kawo shi ƙasusuwa na sara.

Akwai amfanin da ba a cika lissafawa ba. Wanda ya san ganin likita ba zai ci masa kuɗin abincin mako ba, da wuri yake zuwa. Wanda ba shi da kati kemis yake fara nufa, a ce masa "maleriya da taifot", a haɗa masa ƙwayoyi kala biyar a leda, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta da zai sha kwana biyu ya watsar da zarar ya ji dama. Yawancin taifot ɗin kemis ba taifot ba ce. Ƙwayar kashe zafi kuwa tana iya lulluɓe afendis har ta fashe a ciki, aikin da da zai zama na kwana uku a asibiti ya koma na makonni, zangon karatu ya tafi.

Ba za a ce shirin ba shi da aibu ba. Ɗalibai suna ƙorafin a rubuta magani a ce babu, je ka saya a waje. Ana ƙorafin jiran lambar izini daga HMO kafin babban asibiti ya taɓa majiyyaci, har ta kai hukumar NHIA a 2025 ta umarci kamfanonin su riƙa bayar da lambar cikin awa ɗaya. Akwai kuma abubuwan da inshorar ba ta ɗauka sam, kamar tiyatar gyaran jiki don ado da jinya a ƙasar waje, wasu manyan gwaje-gwajen kuma wani kaso kawai take biya. Sai dai wanda ya ce saboda haka ba zai yi rajista ba, ya bar musu kuɗinsa ne a banza, tunda an riga an cire. Wanda aka hana haƙƙinsa ya rubuta rana da lokaci da abin da aka ce masa, ya ajiye rasit ɗin maganin da ya saya, ya kai wa shugaban asibitin makaranta ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, in ba a ji ba ya wuce ofishin NHIA na jiharsa. A nan ƙungiyar ɗalibai ke da aikin yi. Mai neman kujerar jin daɗin ɗalibai da zai iya faɗin ɗalibai nawa aka cire wa kuɗin bana, nawa ne sunansu ya isa HMO, ya fi mai alkawarin shirya gasar ƙwallo amfani.

Wanda ya duba rasit bai ga komai ba, don makarantarsa ba ta cikin shirin ko don irin karatun da yake yi bai shiga ba, yana da ƙofa biyu. Akwai GIFSHIP, shirin NHIA na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, wanda kowa zai iya biya ya shiga ko ba ma'aikaci ba ne. Akwai kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa. Kuɗinsu ya fi na TISHIP nesa ba kusa ba, kuma bayan biya akan jira wani lokaci kafin kati ya fara aiki, don haka ba abin da ake yi daga kan gadon asibiti ba ne. Uban da ke haɗa kuɗin rajista da na garin kwaki da na mota ya sa wannan a lissafin tun farko. Mai shirin fita waje karatu ma ba zai tsira ba: Birtaniya tana karɓar fam 776 a kan kowace shekara daga ɗalibi tun wajen neman biza, jami'o'in Jamus kuma ba sa yi wa mutum rajista sai ya nuna takardar inshora.

Saura 'yan ajin ƙarshe. Katin TISHIP na ɗalibi ne, yana ƙarewa da ɗalibta. Masu yi wa ƙasa hidima an saka su a inshorar NHIA tun 2022, amma tsakanin jarrabawar ƙarshe da kiran sansani akan yi watanni, wani lokaci shekara, mutum yana gida ba ɗalibi ba, ba ma'aikaci ba, ya kuma wuce shekarun katin Abba. Wanda ke da haƙorin da ke damunsa, ko idon da ya fara dishi-dishi, ko tarin da ya ƙi tafiya, ya kai kansa asibitin makaranta kafin ya miƙa kundin bincikensa ya karɓi takardar sallama.