Masu Amsa Kiran 112 da Abin da Suke Bukata Daga Bakin Mai Kira

A birnin Katsina akwai wani ofis da ba a kulle shi, dare da rana, ranar aiki da ranar sallah. Ma'aikatansa na zaune gaban kwamfuta da abin sauraro maƙale a kunne, wasu na tashi wasu na karɓa, suna jiran duk wanda tsautsayi ya faɗa wa ya danna 112. Wannan ita ce Cibiyar Kiran Gaggawa wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gina, aka buɗe ta a watan Satumba na 2019, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin Dokta Isa Ali Pantami na ministan sadarwa. A watan Maris na 2020 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da irinta a Abuja. Kiran kyauta ne, ko babu ko sisi a waya zai shiga.

Dabarar ta daɗe a duniya. A 1935 gobara ta kashe mata biyar a wani gida a Landan. Wani maƙwabcinsu ya ɗauki waya don ya kira 'yan kwana-kwana, aka bar shi yana jiran layi. Ƙorafin da ya biyo baya shi ya sa Ingila ta fito da lamba 999 a 1937. Amurka ta fara 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka amince da 112 a 1991, wadda Najeriya ta ɗauka daga baya.

Ya kamata jama'ar ƙaramar hukumar Musawa ta jihar Katsina su san cewa wanda ke amsa kiran ba shi ne zai zo ba. Aikinsa ya gane abin da ya faru, ya san inda ya faru, sannan ya miƙa maganar ga masu ita: 'yan sanda ko Sibil Difens in harkar tsaro ce, 'yan kwana-kwana in wuta ce, Hukumar Kiyaye Haɗurra in mota ce ta kife, motar asibiti in rai ne ke hannun Allah. Ita Hukumar Kiyaye Haɗurra ma tana da tata lambar, 122, ga wanda ke bisa titi.

Duk wahalar aikin tana wajen kwatance. Mutumin da rumbunsa ke ci da wuta a ƙauye ba ya tuna cewa wanda ke sauraronsa yana can Katsina, watakila ma bai taɓa taka ƙasar Musawa ba. Sai ka ji ana cewa, “Ku zo, wuta! Nan bayan gidan Alhaji!” Wane Alhajin? A gari guda sai a ƙirga Alhazai hamsin. Haka sunayen wurare: Sabon Gari, Tudun Wada da Sabuwar Unguwa sun cika ƙasar Hausa, kusan kowane babban gari na da nasa. Gidajen karkara ba su da lamba, lunguna ba su da suna a rubuce. Shi ya sa ma'aikacin kan katse mai kira cikin ladabi: “Baba, yi haƙuri, wace ƙaramar hukuma? Wane gari? Me ke kusa da ku?” Wasu na ɗaukar wannan ɓata lokaci ne, har su kashe waya cikin fushi. Alhali tambayoyin nan su ne ke tayar da mota.

Kwatance mai kyau daga babba yake farawa ya gangaro zuwa ƙarami. Mai kira ya ce ƙaramar hukumar Musawa, ya ambaci mazaɓa ko babban garin da ya fi kusa, Jikamshi ne, Tuge ne ko Dangani, sannan ƙauyen, sannan alamar da baƙo ba zai ɓace mata ba: masallacin Juma'a, makarantar firamare, kasuwa, gidan mai, ƙarfen sabis. Itacen kuka ko tsamiya alama ce ga ɗan gari kawai, kuma da daddare ko shi sai ya lura. In damina ce, a faɗi gaskiyar hanya: rafi ya kawo, ko kwalbati ta karye, sai an zagaya. Wannan kalma ɗaya tana iya ceton rabin sa'a.

Bayan wuri sai bayanin abin da ya faru, a taƙaice. Mutum nawa abin ya shafa? Akwai wanda ba ya numfashi? Wutar ta karan dawa ce, ta auduga ce a sito, ko ta fetur? Bambancin na da girma, domin wutar fetur ba a watsa mata ruwa, yaɗuwa take yi. Yashi ake zuba mata. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya kuma ba a fizgarsa a cusa a mota kamar buhun masara. Irin wannan gargaɗin ma'aikaci mai horo kan yi wa mai kira kafin ɗauki ya iso, tunda a karkara maƙwabta ne ke fara kai hannu.

Aikin na da cin rai. Mai amsa kira yana jin kururuwar mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, yana jin harbi ta cikin waya, kuma dole muryarsa ta zauna daram, don in ya rikice mai kira ya ƙara rikicewa. Sau da yawa ba ya sanin yadda aka ƙare. Yana ajiye wannan, wani ya shigo. Ga kuma amana. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda kowa ke tsoron infoma, mutum ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata sunansa ba zai fita ba. Ma'aikacin da ke kai labarin kira majalisar shayi bai cancanci kujerar ba.

Akwai kuma laifin da ke wuyan jama'a. Yara na ɗaukar wayar iyaye su danna lambar don wasa, wasu manya ma na kira don su gwada ko da gaske kyauta ce, ko su yi ta filashin. Duk layin da aka tsare da shirme, wani mai bukata ne ke jira a bayansa. Iyaye da malaman makaranta su ne za su iya kashe wannan ɗabi'a.

Gaskiya kuma ita ce lambar ba ta aiki inda babu sabis. Mutanen wannan yanki sun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙanƙara. Sannan ko kira ya shiga, mota ba ta tashi sama. Nisa na nan, ƙarancin motoci da ma'aikata na nan, kuma wannan nauyi ne da ke kan hukuma. Don haka yana da kyau kowane mai unguwa ya ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ta askarawan tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, da ta wani direba a garin da ba ya ƙin tashi cikin dare.

In an gama kira, kada a kashe wayar, kada kuma a shiga kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, domin masu zuwa kan sake nema in hanya ta rikice musu. A tura wani saurayi da babur da tocila ya tsaya a mararraba, ya tari motar ya shigo da ita har ƙofar gida.