Kafin Ka Sa Hannu Cikin Injin Niƙa Nama

Ɗan'uwa mahauci, da kai mai injin markaɗe a kasuwar Malanville ko ta Gaya, ka san yadda jijiya da kitse ke nannaɗe ƙarfen da ke juyawa a cikin inji har ya cije. A nan ne yatsu ke salwanta. Sau da yawa wuta ce aka ɗauke, mutum ya ga inji shiru ya zura hannu, sai a dawo da ita.

Kashe makunni bai isa ba. Zare wayar daga soket, ka ajiye kanta inda idonka yake. In na man fetur ne, kashe shi, ka jira ya tsaya cak, ka cire bel. Sannan ka kwance bakin injin, ka fito da wuƙar da ƙarfen, ka wanke su da ruwan zafi da sabulu. Da guntun itace ake tura nama, ba da yatsa ba. Naɗe hannun riga, cire zobe. Kada ka bar wa yaro wannan aiki, ko da kana gaggawa ranar kasuwa.

In tsautsayi ya auku, a kashe inji, kada a fizgo hannun. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Ban da toka, ban da baƙin mai. Yatsan da ya guntule a naɗe shi, a ƙulle cikin leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. A nufi asibiti mafi kusa a gefen kogin Kwara da kuke, a nemi allurar tetanus.