Mu Koya wa Yara Tunani Cikin Karatu

Ƴan'uwa Musulmi, yaranmu na madarsa da yawa suna karanta ƙissa ba tuntuɓe, amma in an tambaye su abin da suka gane, sai shiru. Ga yadda muke yi da Suratu Yusuf. In mun fassara mafarkin aya ta 4, mukan tsaya mu ce: me kuke zaton zai biyo baya? Amsar tana aya ta 100, ba mu gaggawar faɗinta. A aya ta 25 kuwa, kafin maganar mai shaida, mukan tambaya: riga ta yage ta baya, wa ke gudu, wa ke bi? Kowa ya kawo dalilinsa. Amma zaton yaro ba tafsiri ba ne. In sun gama, sai mu buɗe Jalalaini su ji.