Tayar kat-kat: yadda ake karanta cinyewarta

Ƴan'uwa masu koyon karatu, darasinmu na yau a kan tayar mota ne. Wani zai ce: ni ko keke ba ni da shi, ina ruwana da taya? Da ruwanka. Motar da take ɗauko mai naƙuda daga likitar ƙauye zuwa babban asibitin Maraɗi ko Damagaram, a kan taya take tafiya. Motar da kake shiga ranar kasuwa ma haka. A wurare da yawa kuma kuɗin gyaran ambulans daga aljihun jama'a yake fita.

Motocin da muke ce ma kat-kat, irin su Land Cruiser da Land Rover, suna da nauyi ƙwarai. Land Cruiser ko ba kowa cikinta ta fi ton 2, wato ta fi buhun gero 20 mai kilo 100. Duk wannan nauyi a kan taya 4 yake. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa kuwa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba.

Hausawa sun ce jiki magayi. Taya ma haka take. In mota tana da ciwo, a jikin taya ake fara ganinsa. Ka tsuguna ka dubi zanen taya, ka shafa da hannu.

In gefe biyu sun suɗe amma tsakiya tana nan da zanenta, iska ya yi kaɗan, ko kaya sun yi yawa. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a wajenmu, kuma ga dalilinsa. In direba zai shiga rairayi, yakan rage iska don kada mota ta kafe. Wannan dabara ce mai kyau. Amma in ya hau gudoro sai ya yi ƙiwar mayar da iskan. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, sai ta ɗau zafi. Ga rana ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Ga buhuna a kan rufi, ga mutane har bisa kaya. A nan ne taya take fashewa ana cikin gudu, mota mai tsawo irin wannan kuwa ba ta da wuyar kifewa. Saboda haka pampo ba kayan ado ba ne. Kat-kat da ba ta da pampo a ciki ba ta shirya tafiya ba.

In tsakiya ce ta suɗe, gefe biyu suna nan, iska ya yi yawa. Yawan iskan da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Da safe ake aunawa, kafin a tashi, tun taya tana da sanyi. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne.

In gefe ɗaya kawai ya cinye, ƙafafun mota ba su daidaita ba. Kamar takalmin mai karkatacciyar tafiya ne, dunduniya ɗaya take fara ƙarewa. Faɗawa rami da gudu yana kawo wannan. Sayen sabuwar taya ba ya maganinsa, ita ma haka za ta cinye. Sai an kai mota garaji an daidaita ƙafafun, aikin da makanikai suke ce ma paralelisim. In kuwa ka shafa ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, to, amortiser ya mutu, taya tana tsalle a kan hanya maimakon ta kwanta.

Akwai kuma direban da yake barin giyar kat-kat a ɗaure bayan ya fita daga rairayi. A motocin da ake sa wannan giya da hannu, tafiya da ita a kan gudoro tana goge taya, tana kuma wahalar da ƙarafan ƙarƙashi.

Tayoyin gaba su suke juyawa da sitiyari, shi ya sa ba sa cinyewa daidai da na baya. Masu ƙera taya sun ce a riƙa musanya musu wuri bayan kilomita 8.000 zuwa 10.000. Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne. Ke nan in mota ta yi zuwa da dawowa kamar sau 20, lokacin musanya ya yi.

Yaushe taya ta ƙare? Cikin ramin zanen akwai ƴan tudu ƙanana da aka yi da gangan. Tsawonsu milimita 1,6 ne, bai kai kaurin tsinken ashana ba. In zane ya sauko daidai da su, taya ta gama aiki. Ga mai bin laka da damina, jiran wannan ma ganganci ne.

Taya tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, don rana tana busar da roba har ta tsattsage. Ku da kuka iya karatu yanzu, ba mai sayar muku da tsohuwa da sunan sabuwa. A gefen taya akwai haruffa DOT, a ƙarshen layin kuma lamba 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ce in taya ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta, ko da zanenta. Tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Turai, wasu na lokacin ƙanƙara ne. Suna da hoton dutse mai kai 3 a gefe. Robarsu tana da taushi, a zafinmu nan da nan take ƙarewa, ko da an same ta da araha.

Aikin gida: ku je wurin da motar kasuwa take tsayawa, ku nemi izinin direba, ku rubuto lambar tayoyinsa 4 a allo. Gobe kowa zai faɗi shekarun kowace ɗaya.